Zanen Fitilar Zaure

Rumasa'u ce ta buɗe ƙofar, kuma tun kafin ta amsa sallamarsa idonta ya sauka a kan hular da ke kansa.

Ta waiga cikin gida da sauri.

"Siraj..." ta ce ƙasa-ƙasa. "Cire ta. Don girman Allah ka cire ta."

Sirajudeen ya yi murmushi, shi a zatonsa kunya ce ta kama ta. Ya sha farar shadda, ga ledar goro da turare a hannu. Yau ce ranar da zai fara gaida mahaifinta, tun daga Alexandria ta nan Amurka yake ta bitar gaisuwar a mota.

"Ba ta yi kyau ba ne? Daga Kumasi aka ɗinko mini ita fa. Zanenki ne, Ruma. So na yi in ba ki mamaki."

Mamaki kam ya ba ta. Sai dai kafin ta sake buɗe baki ta ji takun Abba a bayanta.

Mahaifinta, Dakta Auwalu, ya tsaya a tsakiyar falo, shi ma da tasa hular a kai, wadda ba ya sawa sai ranar Juma'a ko ranar da zai karɓi baƙon da ya ɗauka da muhimmanci. Shuɗiya ce mai duhu, an zagaye ta da 'yan fitilu na jan zare, kowace fitila ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa sun kewaye ta. Ta Abba ta koɗe, ta baƙon sabuwa dal. Ban da wannan, babu abin da ya raba su.

Sirajudeen ya durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Baba."

"Malam, a ina ka samo wannan hular?"

"Ɗinka mini aka yi, Baba. Daga jikin fastarmu aka kwafi zanen. Rumasa'u ce ta..."

"Wace fasta?"

"Ta ƙungiyarmu. Muna... muna kiɗa ne."

"Kana kiɗa." Abba ya maimaita a hankali. "A ina ake manna fastar?"

"A ƙofar wuraren da muke wasa, da kan titi."

"Ana sayar da giya a wuraren?"

Sirajudeen ya sunkuyar da kai. Ƙarya ba halinsa ba ce, gaskiyar kuma ta ƙi fitowa.

Abba bai ɗaga murya ba, shi dama bai iya ba. Ya juya ya dubi 'yarsa, irin kallon da da marin ta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Rumasa'u, zanen uwarki kika kai ƙofar gidan giya?"

To bari a koma baya kaɗan, don wanda bai san hular nan ba ba zai gane girman ɓarnar ba.

Umman Rumasa'u, marigayiya Shamsiya, ɗinkin hula take yi a Yakasai tun tana budurwa, kuma ba a zana mata, ita ke zana abarta. Da Abba ya taho Amurka ƙaro karatun likita ya bar ta a Kano da cikin fari, kullum magariba sai ta kunna fitila ta ajiye a zaure, alhali ta san sarai ba a daren zai dawo ba. Ana yi mata dariya, ta ce a bar ta. A wannan zaman jiran ta ƙirƙiro zanen, ta sa masa suna Fitilar Zaure, ta ɗinka shi a hula guda ɗaya tak ta aika wa mijinta. Masu kuɗi sun roƙe ta, 'yan'uwanta maza sun yi fushi, ta ce wannan na mutum ɗaya ne. Bayan ta rasu a nan Woodbridge, Abba da kansa yake wanke hular da tsohon buroshin haƙori, ya kifa tukunya ya ɗora ta a kai ta bushe, tunda babu mai wankin hula a garin.

Rumasa'u ta gaji hannun zane, ba ta gaji allura ba. Aikinta na ofis a Alexandria shi ne shirya shafukan rahoton wani kamfani mai kwangilar gwamnati, aikin da za ta wuni ba ta yi magana da kowa ba sai na'ura. Ranar Asabar kuwa tana da teburinta a wani ɗakin buga zane. A can take shimfiɗa allon siliki a kan takarda, ta zuba tawada, ta ja da roba, launi ɗaya ya bushe kafin ta ɗora na biyu. Ba ta zana fuskar mutum, haka Umma ta koya mata. Ganye take zanawa, da ƙulli, da ɗigo, da layukan da ke murɗewa har ido ya ɗauki jiri.

A shekarar 2005 wata doguwar Ba'amurkiya mai suna Olive ta ga zanenta a rataye ta kasa wucewa. Mawaƙiya ce. Da Asabar ta zagayo ta dawo da abokan kiɗanta: Jerome mai ganga, Gregory mai jita, da wani siririn saurayi da ke rungume da molo. Yana ganin mayafin Rumasa'u ya yi mata sallama, ya gaishe ta da Hausar zangon Kumasi, wadda sai da ta toshe baki don kada dariya ta ƙwace mata.

Shi ya raɗa wa ƙungiyar suna Zabuwa. Kiɗansu wani iri ne, Allah Ya sani. Tsofaffin waƙoƙin ƙauyen Amurka ne a bakin Olive, molon Siraj na bin su a hankali, sai Gregory ya saki jitarsa ta yi ta amsa-kuwwa har ka rasa inda waƙar ta faro. Da rana Siraj kula da tsofaffi yake yi a gidajensu, ya yi musu wanka ya ba su magani. Molon kuwa a wurin kakansa ya koya.

Ba ta taɓa zuwa wasansu ba ko sau ɗaya, ta san irin wuraren. Shi yake kawo mata faifan da suka ɗauka a gareji, ta sa a kunne a jirgin ƙasan da ke kai ta aiki, ta rufe ido har launukan su zo mata.

"Wannan waƙar kore ce," takan ce masa.

"To ni wane launi ne?"

"Kai ruwan ƙasa ne. Ba a lura da kai sai an cire ka."

"Allah Ya isa, Ruma."

Abin ya karɓu. Daga ƙananan ɗakunan titin U a Washington suka fara zuwa Baltimore da Philadelphia. Har ta kai ana ɓamɓare fastocin daga bango kafin ranar wasa, mutane na kaiwa gida suna sawa a gilashi. Jerome yakan ce rabin masu zuwa fasta ce ta kawo su, sauran rabin kuma sanyi.

Da za su fitar da faifansu na farko a 2007, aikin ya faɗo a watan da Umma ta rasu. Rumasa'u ta zauna a gaban farar takarda, kewar uwarta ta taso mata, hannunta ya tafi da kansa ya zagaye gefen fastar da 'yan jajayen fitilu. Ta ce a ranta Abba ba ya bin titin U. Ba ta gaya wa Siraj asalin zanen ba, don in ta fara kuka ne zai biyo. Shi kuma bawan Allah ya ga abin da ya fi komai kyau a idonsa, ya auna kansa da zare, ya naɗe fasta ɗaya ya ba wani mai tafiya gida ya kai wa wani tsoho mai ɗinkin hula a Kumasi.

Ga inda aka kwana.

A falon, Sirajudeen ya sa hannu biyu ya cire hular ya riƙe ta a ƙirji.

"Baba, wallahi ban sani ba. Ku yafe mini."

"Na yarda ba ka sani ba. Ita ta sani." Abba ya nuna ledar da ke gefensa. "Ɗauki goronka. Ba ni da 'yar da zan ba makaɗi. Allah Ya ba ka wata."

Bayan motar ta tashi, Abba ya zauna a kujerar da Umma ta saba zama.

"Abu biyu nake so ki yi mini alkawari. Kada hannunki ya sake yi musu zane. Kada kuma yaron nan ya sake tako mini gida."

"Abba, ina son sa..."

Ba ta taɓa faɗin irin wannan magana a gabansa ba. Shi ma sai da ya kau da kai.

"Ni ma ina son uwarki. Abu ɗaya ta bar mini wanda babu mai irinsa a duniya."

Ta yi alkawarin. Me za ta ce?

Washegari a lokacin hutun cin abinci ta kira Siraj daga bakin ofis.

"Zan jira, Ruma."

"Kada ka jira. Ba ka san Abba ba."

"Hasken idona, ki bari in sake zuwa, in zo da manyana..."

"Na riga na yi alkawari, Siraj. Ka yafe ni."

Ta kashe wayar, ta koma ta ci gaba da daidaita shafukan rahoto, hawaye na ɗiga a kan madannai.

Daga nan rayuwa ta zama abu ɗaya kullum. Jirgin asuba, ofis, jirgin yamma, tuwo na mutum biyu. Ta mayar da mabuɗin ɗakin buga zane, ta jera allunanta a gareji ta lulluɓe su da tsohon zanin gado. A teburin cin abinci babu abin da ake ji sai ƙarar cokali. Abba ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yakan sayo mata mangwaro in ya gani, ya ajiye a kicin bai ce komai ba. Ya gayyato samari, har da wani injiniya Fatihu mai hankali da kyan hali. Takan fito ta gaishe su, ta kawo shayi, ta zauna kamar an dasa ta. Su da kansu suke gajiya su daina zuwa, Abba kuma bai taɓa tilasta mata ba.

Zabuwa kuwa ta samu manaja, wani mai zaƙin baki da ake kira Martins. Shi a ganinsa ɗigo da ganye ba sa sayar da tikiti, fuska ke sayarwa.

Wata yamma tana sauri ta kama jirgi ta gan su a gilashin wani shagon faifai. Hoto ne babba. Jerome da Gregory a baya, Siraj a gaba da molonsa, Olive ta kwantar da kanta a kafaɗarsa ta lumshe ido.

Jirgin ya tafi ya bar ta a tsaye a wurin.

Ba a yi sati ba Martins ya kira ta. Yana son izinin buga tsofaffin zanenta a jikin riguna, musamman mai fitilun nan.

"Ban da wannan," ta ce. "Kai, ban da duka."

"Na fahimta, na fahimta," ya ce da Turancinsa mai santsi. "Dama Siraj ya ce kada a dame ki. Ya wuce wurin, kin gane. Shi da Olive... ai kin ga hoton ko?"

"Na gani."

Martins ya san abin da yake yi. Kullum 'yan ƙungiyar suna yi masa ƙorafin a dawo da mai zanen da, shi kuma ba ya son a dawo da ita.

Ta yi kishi, kishi mai zafi, irin wanda babu wanda za ta gaya wa. Ita ta ce kada ya jira, to da wane bakin za ta yi kuka? Duk da haka ba ta fasa sayen faifansu ba. Na biyu ya fito, aka saka su a rediyo, suka zagaya har California. Na uku ya fito, bai yi ƙarfin na biyu ba. A jirgi takan rufe ido, launukan su zo kamar da, ta bar su su wuce don babu inda za ta sauke su.

Ƙawayenta duk suka yi aure. Tun ana tambayar ta har aka koma yi mata addu'a kawai.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah ta 2013, ta sauko da safe ta tarar da Abba a kicin. Tukunya na kife, buroshi na cikin ruwa, shi kuma yana zaune da hular a tafin hannunsa. Bakin hular ya rabu da jikinta. Zaren ya gaji, yadin ya ruɓe, fitilun sun warware sun zama jajayen zarurruka a yatsunsa.

"Abba..."

"A hankali na goga," ya ce. "Wallahi a hankali na goga."

Ta durƙusa a gabansa. Mutumin da ke fasa ƙirjin mutane ya gyara musu zuciya, ga shi ya rasa yadda zai yi da zare. Ta so ta ce za ta zana a aika Kano a ɗinka wata, ta tuna ba wata yake so ba.

Ranar Idi ya tafi masallaci da farar tagiya ta kanti. Ya yi mata wani iri, kamar ba Abbanta ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, da hantsi, Abba ya tafi duba marasa lafiya, aka buga ƙofa. Olive ce. Ta ƙara jiki, gashinta ya fara furfura, ga yarinya saɓe a kafaɗa, ga kwali a ɗaya hannun.

Rumasa'u ta tsaya riƙe da ƙofa, ba ta ce shigo ba. Idonta na kan yarinyar. Ta duba goshin, ta duba hancin, ta sake dubawa.

"Ta Jerome ce," Olive ta ce da Turanci, tana dariya. "Dubi kunnuwan. Mun yi aure tun kafin faifai na biyu. Me kike nema a fuskarta?"

"Hoton nan... Martins ya ce ke da Siraj..."

Dariyar Olive ta ɗauke.

"Martins ne ya ce in kwantar da kaina a wurin. Siraj bai yi masa magana ba har wata guda saboda hoton. Wayyo, Ruma. Shekarun nan duk haka kika zauna da shi?"

Rumasa'u ta zauna a kan matakala.

Olive ta zauna kusa da ita ta ba ta labari. Zabuwa ta zo ƙarshe. Faifai ba ya tafiya, Gregory zai koma garinsu, Martins tuni ya kama wasu yara. Wasa ɗaya ya rage, na bankwana, a wata mai zuwa. Siraj ya dage a yi shi da rana a wani filin shaƙatawa a Alexandria, inda ba a sayar da komai sai lemo.

"Daga nan zai koma Kumasi. Ya ce babu abin da ya rage masa a nan."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Ni na zo roƙon fasta ta ƙarshe. Shi bai aiko ni roƙon komai ba, wannan kawai ya ce in kawo." Ta tura mata kwalin. "Ya ga babanki a sallar Idi babu hularsa. Duk shekara yana hango shi daga sahun baya. Ya ce a ba shi wannan, dama tasa ce."

Rumasa'u ta buɗe. Hular ce, tana naɗe cikin farin ƙyalle, shuɗinta na nan, fitilunta na nan.

"Ba zan iya yin fastar ba, Olive. Na yi alkawari."

"Na sani. Ya ce haka za ki ce."

Bayan la'asar Abba ya dawo. Ta bari ya ci abinci, sannan ta ajiye kwalin a gabansa ta koma gefe ta zauna a ƙasa.

Ya buɗe. Ya daɗe bai taɓa ta ba.

"Daga wurin yaron nan?"

"E, Abba. Ya gan ka a Idi. Bai tako gidan ba, aike ya yi. Zai koma ƙasarsu wata mai zuwa."

Ya ɗauke ta, ya kai ta kusa da taga, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Ba hannun Shamsiya ba ne. Ita ɗinkinta ya fi wannan ƙanana." Ya juya cikinta, ya duba bakin, ya sake dubawa. "Ko gumi babu. Bai sa ta ba?"

"An ce tun ranar bai sake ba."

"Bai yi aure ba?"

"Bai yi ba."

Abba ya cire farar tagiyar ya ajiye. Ya ɗaga hular da hannu biyu, ya yi bismillah, ya ɗora a kansa.

Sai ta zarce. Ta wuce goshi, ta rufe girarsa, ta sauka a kan kunnuwa ta lanƙwasa su.

Rumasa'u ta cije leɓe. Abba ya tura ta baya, ta sake zamowa. Ya karkata ta gefe, ta dawo. Sai ga wata dariya ta kuɓuce masa, wadda rabon da a ji ta a gidan tun Umma na da rai.

"Kai, yaron nan akwai kai."

Dariyar ba ta yi nisa ba ta juye. Ya cire hular ya riƙe, kafaɗunsa na rawa. Ita ma ta sa mayafi ta rufe fuska. Suka yi kukansu, kowa a inda yake zaune.

Da ya natsu ya share ido da bakin riga.

"Tawa ta ƙare, Rumasa'u. Ta yi zamaninta, mai ita ma ta tafi. Wannan kan wani aka auna, ba za ta taɓa zama tawa ba." Ya dube ta. "Uwarki wata goma sha ta yi tana kunna mini fitila, nake ta ba mutane labari har yau. Ke kuma a gabana kike zaune shekara da shekaru, ina kallon ki ina kawo miki mangwaro."

"Abba, ni na yi laifi..."

"Kin yi. Na kuma hukunta ki fiye da laifin." Ya mayar da hular cikin ƙyallen. "Har gobe ba na son kiɗan nan, kada ki ce na ce ina so. Amma ki gaya masa ya zo ya karɓi hularsa. Ya zo da manyansa."

Ta ɗago, ba ta yarda da kunnenta ba.

"Fastar kuma ki yi musu. Ban da Fitilar Zaure. Uwarki ba ta ari na kowa ba, ke ma ki nemi naki."

Ta danna lambar da ba ta taɓa gogewa ba. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ruma?"

"Siraj... Abba ya ce hular ta yi masa yawa."

Ba ta jira amsarsa ba ta ɗora:

"Ya ce ka zo ka karɓa. Kai da manyanka."

Ta ji yana ta maimaita alhamdulillahi.

"Na ce maka kada ka jira," ta ce, tana kuka tana dariya.

"Na ji ki, masoyiya. Ban dai iya ba ne."

Ta yaye zanin gadon daga kan allunanta. Fastar ƙarshe ta Zabuwa ruwan ƙasa ce tun daga sama har ƙasa, launin da ba ta taɓa ba shi fili ba, da layukan jirgin ƙasa biyu da suka yi ta murɗewa cikin ɗigon kore da ja kafin su haɗu. Ko kwana biyu ba ta yi a bango ba aka ɓamɓare ta.

Ranar wasan ta zauna a kan ciyawa a gaba, karo na farko da ta ga yatsunsa a kan molo alhali ta haddace kowane sauti. Abba ne ya kawo ta. Ya ce shi ba zai shiga ba, zai jira a mota. Da ta waiwaya ta hango ya sauke gilashi.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a a garin Manassas, ango da shuɗiyar hula daidai kansa, waliyyin amarya da farar tagiya. Siraj ya fasa komawa Kumasi, ya kama musu ɗaki a wani dogon bene a Alexandria.

Da yamma aka zo ɗaukar amarya. Rumasa'u ta durƙusa a gaban Abba ta kasa tashi. Ta dubi falon, ta dubi teburin da gobe faranti ɗaya za a ɗora a kai.

"Abba, wa zai dafa maka?"

"Tashi, ana jiran ki. Titin nan in ya cushe sai ku kai isha'i a hanya."

"Zan riƙa zuwa duk Asabar."

"Allah Ya yi miki albarka. Tashi."

Ya raka ta har bakin ƙofa. Tana shiga mota ta ga ya miƙa hannu ya kunna fitilar waje, ga rana ba ta ko faɗi ba.

Ta sauke gilashi.

"Abba, ka kunna fitila, da sauran haske fa."

"Na sani," ya ce. "Bar ta."

Motar ta ja. Rumasa'u ta juya tana kallon baya, Siraj na riƙe da hannunta. Har suka sha kwana Abba na tsaye a ƙarƙashin fitilar, shi kaɗai, bai shiga ciki ba.